Masu Amsa wa Anti Icy

Kingston, Janairu

Anti Icy,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwar nan ta sake ki, kuma sanyin Birmingham bai hana ki zuwa coci ba. Ki gaishe min da 'yarki Paulette da mijinta da yara. Ni lafiyata ƙalau kuma ina cin abinci, don haka kada ki fara. Na san kin ce ba kya maganar kirki ta waya tunda kunnenki na hagu ya yi ritaya, shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna.

Faifan da na daɗe ina ba ki labari ya kusa kammaluwa. Ba yabon kai ba, Anti, Kingston ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Kiɗan duka nawa ne, rege mai nauyi, wanda bes ɗinsa, kaurin sautin nan na ƙasa, ke shiga ƙirjin mutum kafin ya kai kunne. Ni ba mawaƙi ba ne, kin fi kowa sani, saboda haka kowace waƙa na gayyato mata baƙo. Bongo Zeki ya yi min biyu. Kin tuna shi, dogon Rastan nan da yake sayar da ruwan kwakwa a kasuwar Papine? Gashinsa ya yi fari fat, amma muryar tana nan daram. Akwai kuma wata Tashoy daga Spanish Town, wadda in ta buɗe baki kanikawan da ke maƙwabtaka da situdiyona sai sun ajiye sifana.

Waƙar ƙarshe ce ta rage, kuma taki ce. Ina nufin wadda kika bayar a daren tara na Mama, daren rakiyar mamaci da ke rufe makoki, wadda babu ita a littafin coci, wadda kakarku ta bar muku: "Na hango fitila a ƙetaren rafi." Kina tsaye gaban teburin nan mai farin ƙyalle, kina ba da ita layi-layi, mutanen ƙauyenmu Breadnut Gap kaf suna amsawa suna buga ƙafa. Ni ina can gindin bishiyar aki, ɗan sakandare, bakina gum. Bugun ƙafar nan bai taɓa barin kaina ba, kuma a kansa na gina bes ɗin wannan waƙa. In babu ke a ƙarshensa, faifan nan ba zai fita ba.

Abokina Clive yana da situdiyo a unguwar Handsworth, mota ɗaya ce daga gidan Paulette. Ki je ki ba da waƙar yadda kika saba, ki bar fili bayan kowane layi. Amshi kuwa ki bar min shi, na san yadda zan yi.

Ɗan ƙanwarki,
Odane


Birmingham, Fabrairu

Dane,

Na ga wasiƙarka, na gode wa Ubangiji da kana lafiya. "Ba yabon kai ba," in ji mutumin da ya cika shafi guda da yabon kai. Haka uwarka take, ko miya ta yi sai ta sanar da maƙwabta. Gwiwa tana nan tana yi min tsiya in an tashi ruwa, kuma a garin nan kullum ana tashin ruwa. Likita ya hana ni kifi mai gishiri. Na ce masa to, na dawo gida na jiƙa abina.

Na je wajen Clive ɗin naka. Kafin na je sai da na yi addu'a, don ba a wasa da waƙar mutuwa in babu gawa. Amma na duba na ga rana ce tsaka, babu tebur, babu fitila, ba a kira kowa ba, sai na ce waƙa ce kawai. Yaron kirki ne, sai dai ɗakin nasa ba taga, an manne bango da katifa. Ya sa min wani abu a kunne ya ce, "Mis Icy, ga kiɗan, ki bi shi."

Na ce, "Ɗana, ni ba na bin kiɗa, kiɗa ke bi na. Rage shi."

Ya rage. Na rufe ido na bayar.

Dane, shekarata shida a ƙasar nan ban ba da waƙa ba. A nan in mutum ya mutu takarda ake rabawa, kowa ya sa hanci a cikinta, molon coci na yi musu aikin, kafin ka gyara zama an gama. Sau ɗaya na gwada, a zaman makokin wani ɗan yankinmu na St. Thomas. Na ba da layin farko, tsofaffi biyu suka amsa, sauran suka ɗaga wayoyi suna ɗaukata hoto. Na zauna, ban ƙara ba. Amma a ɗakin Clive, duk layin da na bayar na yi shiru, sai in ji mutanen Breadnut Gap a kaina, kowa a inda ya saba tsayawa. Filin da na bari daidai numfashinsu ne, kada ka taɓa shi.

Tunda ka ce ka san yadda za ka yi da amshi, ga abin da za ka kiyaye. Mas Ferdie ya tsaya a baya, shi ke riƙe ƙasan waƙar. Mis Puncie a gaba. Kada ka bar Sista Merle ta riga kowa shiga, tana ɗaukar waƙa ta kai ta saman rufi, a rasa mai sauko da ita. Ka ba su kofi mai zafi tukuna.

Kuma ka aske gemun nan, na gan shi a wayar Paulette.

Antinka,
Icilda


Kingston, Fabrairu

Anti,

Ina gaisuwa, ina fata kin bi maganar likita ko da rabi ne. Clive ya turo min muryarki. Na kunna ta a situdiyo, Tashoy tana cin burodi ta tsaya da loma a baki. Bongo Zeki ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ba. Anti, kin fi su duka, kuma na faɗa musu a gabansu.

Maganar su Mas Ferdie ta ba ni dariya, har na ga Sista Merle a idona. Amma ba sai an wahalar da tsofaffi ba. Hanyar Breadnut Gap ta zaizaye tun ruwan bara, kuma kin san su da makirfo, ɗaya zai yi tari ɗaya zai tambayi ƙarfe nawa. Ina da abin da ya fi haka.

Bari in gaya miki aikina sau ɗaya, don har yau kina ce wa mutane ina gyaran rediyo. Dub aikin ragewa ne. In an gama waƙa, sai in zauna gaban teburin sauti in riƙa cirewa. In ɗauke jita, in ɗauke ƙaho, in bar ganga da bes su kaɗai, sannan in saki kalma ɗaya ta mawaƙi ta yi ta amsa-kuwwa har ta ɓace. A nan hannuna yake, kuma babu mai ja da ni a wannan fage. Shi na yi miki. Duk layin da kika bayar, na kama ƙarshensa na jefa shi cikin filin da kika bari, muryarki ta dawo ta amsa miki, ta sake dawowa, tana nisa tana nisa. Ke ce mai bayarwa, ke ce 'yan amshi. Ba mai tari, ba mai hawa rufi.

Na tura wa Paulette ta waya. Ki sa ta kunna miki a lasifika mai kyau, ta wajen kunnen dama.

Gemun yana nan, ya karɓe ni.

Odane


Kingston, Maris

Anti Icy,

Lafiya kuwa? Na ji shiru. Na kira Paulette ta ce kina lafiya, kina ɗaki, kin ce za ki rubuto. Na san halinki, abin da bai yi miki ba ba ya kwana a bakinki, saboda haka shirun nan na ɗauke shi yabo.

Ga labari mai daɗi. Ranar Asabar na kai waƙar wajen rawa a Vineyard Town don in gwada ta a manyan lasifika. Layinki na farko kawai ya fita, jama'a suka hau ihu suna dukan kwanon shinge, dole mai sa faifai ya tsayar ya mayar da ita farko. Haka aka yi ta yi, a mayar, a mayar. Wani ya kama rigata yana cewa, "Wace uwa ce wannan? A ina ka tono ta?" Na ce masa yayar uwata ce, kuma ba tono ta na yi ba, tana nan da ƙafarta.

Na ba kamfanin da ke buga faifai aikin, za su fara bayan Ista. Sunanki ne a saman na kowa a bango: Icilda McFarlane. Bongo Zeki bai yi gardama ba.

Ki rubuto mana, ko layi biyu ne.

Odane


Birmingham, Maris

Odane,

Ina lafiya, kowa lafiya. Ka cire sunana daga bangon faifanka, ka cire muryata daga cikinsa.

Na daɗe ban rubuto ba don duk takardar da na fara sai ta fito da zagi, kuma kai ɗan ƙanwata Vinette ne. Ina kicin ina fere doya Paulette ta kunna. Kiɗan ya shigo, ban ƙi shi ba. Na ji kaina na ba da layi, "Na hango fitila a ƙetaren rafi." Na tsaya da wuƙa a hannu ina jiran Ferdie. Sai na ji ni. Na sake jin ni, ƙarama, can ƙasa. Na sake ji, har na ƙare. Layi na biyu haka, na uku haka. Paulette tana kaɗa kai tana cewa, "Mama, ai ya yi daɗi!" Na ajiye wuƙar na shige ɗaki.

A Breadnut Gap ka girma, amma da alama ba ka ji komai ba. Mai ba da waƙa ba mawaƙiya ba ce irin Tashoy ɗinka. Rabin waƙa gare ni, rabin yana bakin mutane. In na bayar na ji muryata ta dawo, abu ɗaya yake nufi, farfajiyar ba kowa. Tsofaffinmu sun ce fatalwa ce kaɗai ke bayarwa ta amsa wa kanta, wadda ba a yi wa daren tara ba, tana yawo a bakin rafi. Wannan ka mayar da ni, ka kai ni wajen rawa aka yi ta mayar da ni farko.

Ba fatalwa nake tsoro ba, na raka matattu da yawa. Bari in faɗa maka abin da nake tsoro, tunda ban taɓa faɗa wa Paulette ba. Ina tsoron in mutu a garin nan, a raba takarda, molo ya yi kuka, a watse. Ni da na raka rabin Breadnut Gap, in tafi babu mai buɗe baki. Kullum ina korar wannan tunani, sai ga shi ka ɗauko shi ka sa masa bes ka turo min ta waya.

Ka ce in bar maka amshi, na yi zaton mutane kake nufi, don ban san wani amshi ba. Daren uwarka ka zauna gindin aki ba ka amsa ba. Ban ga laifinka ba, yaro ne kai kuma zuciyarka ta karye. Amma yanzu gemu gare ka, kuma har yau injin kake turowa ya amsa a madadinka.

Ka ci abinci.

Icilda


Kingston, Afrilu

Anti,

Ina gaishe ki, ina fata jikin da sauƙi. Wasiƙarki ta yi min zafi, ba zan ɓoye ba, musamman ƙarshenta. Na yi kwanaki ina rubuta miki amsa a kaina, kuma duk a ciki ni ke da gaskiya. Har yanzu ina nan a kan cewa amsa-kuwwa ba wasa ba ce kuma ba raini ba ce. Ita ce kayan kiɗana, yadda maƙogwaro yake naki.

Na karanta wa Bongo Zeki wasiƙar don ya goya min baya. Ya gama ji, ya ce in kunna waƙar. Ya saurara ido rufe, sannan ya ce, "Ɗan samari, me ka cire a nan?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Kai da bakinka kake cewa dub ragewa ne. In ka ɗauke ƙaho, kunne yana tuna inda ƙahon yake, shi ya sa ramin ke da daɗi. A nan me ka ɗauke? Mutanen ba su taɓa shiga ba balle ka cire su. Rami ka haƙa a inda ba ƙasa."

Na ce masa ya koma sayar da kwakwa. Ya yi dariya ya cinye min ayabata. Amma na sake saurare bayan ya tafi, kuma ta fuskar aiki ma maganarsa tana kan hanya. Na kira kamfanin na ce su dakata. Sun ce in ban kawo ba kafin ƙarshen Mayu, layina ya wuce sai baɗi.

Ranar Lahadi na hau Breadnut Gap. Hanyar ta fi yadda na faɗa lalacewa, daga gadar sai a ƙafa. Bishiyar aki tana nan ta yi 'ya'ya. Mis Puncie ta rungume ni ta ce na rame, ta cika min kwano da gwaza da kifi. Na tarar da Mas Ferdie yana ɗaure akuya. Na yi masa bayani, na kunna masa muryarki a waya, ita kaɗai ba kiɗa. Sai ya saki igiyar.

Ya ce, "Icy ta mutu ne ba a gaya mana ba?"

Na ce, "Tana nan lafiya, Mas Ferdie, ita ta ce ka tsaya a baya."

Ya ce, "Kashe abin nan. Mace tana raye a Ingila, muryarta na fitowa daga akwati, mu taru a farfajiyar gidansu mu amsa mata waƙar rakiya? Kabarinta kake so mu haƙa? Yaron Kingston, kai dai ba ka da tsoro."

Ya bi akuyarsa. Kuma kin san in Ferdie bai zo ba babu mai zuwa, har Sista Merle ta ce tana da mura a ranar da ban ma sa ba tukuna.

Zan iya tara mawaƙan coci a nan Kingston su yi min amshi tsaf cikin yini ɗaya. Ban yi ba, don na san za ki gane tun daga numfashin farko. Ke kaɗai ce za ki iya da tsohon nan. In kin ce a'a, zan cire waƙar kamar yadda kika ce, faifan kuma ya zauna a aljihun tebur, don na riga na gaya miki ba zai fita babu ke ba.

Odane


Birmingham, Afrilu

Dane,

Lafiya lau, gwiwa ta ɗan lafa. Ashe mai kwakwa ya fi ka kunne. Ka gaishe shi.

Ka hau ka karanta wa Ferdie wannan da ƙarfi, a gaban Puncie, don kada ya ce bai ji ba.

Ferdinand Barrett, ni ce Icilda, da raina da lafiyata, na ci doya da safe. Tun yaushe mai ba da waƙa ta zama gawa? Wanda aka shimfiɗa wa farin ƙyalle aka kunna wa fitila shi ake rakawa, ba wadda ke tsaye tana buɗe baki ba. Ba tebur, ba ƙyalle, ba fitila, ba a zuba giyar ram a ƙasa ba, rana tana tsaka. Wa aka kira? Da muna 'yan mata muna yin waƙar nan a bakin rafi muna wanki, kai kana laɓe a bayan gora kana amsawa da wannan muryar taka ta sa, wa ya mutu? Da matarka Adina ta rasu, da zazzaɓi na tsaya na ba da waƙa har muryata ta dushe. Yanzu ina ƙasar mutane na bayar, kana ji, ka ce akuya za ka bi. Ba kabarina za ka haƙa ba in ka amsa, Ferdie. Shirun ne ke binne ni.

Shi ke nan nasa. Kai kuma, a yi shi da rana, a gindin aki, ba a cikin gida ba. Ka sayi soyayyen kifi da burodi mai tauri da kofi, don ko babu gawa ba za su buɗe baki da yunwa ba. Ram ɗin Ferdie ka riƙe sai an gama.

Ban ce na yarda ba. In na ji, zan gaya maka ko sunana zai zauna.

Antinka


Kingston, Mayu

Anti Icy,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya. An yi.

Na karanta masa a gaban Mis Puncie kamar yadda kika ce. Da na zo wajen gora sai ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Shi kuwa ya ce, "Ƙarya take yi, ba laɓewa nake ba, hanyata ce." Da na kai ƙarshe ya daɗe yana kallon akuyar. Can ya ce, "Kifin ya zama na Morant Bay, ba irin naku na Kingston ba."

Ranar Asabar muka hau da Tashoy da Bongo Zeki. Jakin Mas Ferdie ne ya ɗauko lasifika da batir daga gada. Na yi zaton mutum goma za su zo, sai ga farfajiya ta cika, har da waɗanda suka sauko daga ƙauyen Cedar Piece da sanduna. Mis Puncie ta zagaya ta tabbatar babu farin ƙyalle ko ɗaya a kusa, har wankin maƙwabta sai da ta sa aka kwashe daga igiya. Na rataye makirfo a reshen aki, na ɗora lasifika a kan kujera a inda kike tsayawa.

Karon farko ya lalace. Muryarki na fitowa, maimakon su amsa sai mata suka hau gaishe ki. "Icy! Ke ce?" "Mis Icy, yaya sanyi?" Sista Merle ta fashe da kuka. Na tsayar, aka sha kofi. Karo na biyu Sista Merle ta riga kowa shiga, ta kai waƙar inda kika ce za ta kai ta. Mas Ferdie ya ce daga baya, "Merle, sauko, ba mu da tsani."

Karo na uku, Anti. Kika bayar, suka ɗauka. Filin da kika bari ya zauna musu daidai, ban matsar da komai ba ko kaɗan. Ƙafafu suka fara bugawa, kuma bugun ya faɗa kan bes ɗina kamar tare aka haife su, wanda dama haka ne. Bongo Zeki, da ya rantse ba ya waƙar coci, na gan shi a gefen Ferdie baki buɗe. Ni ma zaman ya ishe ni, na bar wa Tashoy maɓallan ta kula da su na ɗan lokaci. Tari yana ciki, zakara yana ciki, na bar su.

Ga yadda na haɗa ta, don ki sani kafin ki ji. Muryarki a bushe take, ban sa mata amsa-kuwwa ko ɗaya ba. Daga farko har kusan ƙarshe ke da su ne, da ganga da bes. A baiti na ƙarshe na yi aikina. Na ɗauke ganga, na ɗauke bes, kika ba da layin ke kaɗai, suka amsa, sannan na saki amshinsu ya yi ta dawowa. Nasu, ba naki ba. Wannan ban nemi izinin kowa ba, kuma shi ne abu mafi kyau da hannuna ya taɓa yi.

Na tura wa Paulette. Kamfanin suna jirana zuwa ƙarshen wata. Wannan karon in na ji shiru ba zan ɗauke shi yabo ba.

Odane


Birmingham, Mayu

Dane,

Muna lafiya, rana ma ta leƙo garin nan jiya, kowa ya fito yana kallonta. Ban bari wasiƙar nan ta jira gidan waya ba, na ce Paulette ta ɗauki hotonta ta tura maka, ka ga har ni na shiga zamani.

Na ji. A kicin ɗin dai, amma wannan karon na ajiye wuƙa tukuna na zauna. Na ji kaina na ba da layi, na riƙe numfashi. Sai ga Ferdie daga ƙasa, kamar an turo ƙofar gida. Puncie ta tsufa, muryarta na rawa, amma tana gaba inda na ce. Merle ta yi ƙoƙari, ka gaya mata na ce ta yi ƙoƙari. Na ji 'yan Cedar Piece, har yau suna jan ƙarshen layi. Mai tarin Mas Cleavie ne, ka ce masa ya bar taba. Zakaran ban san shi ba. Mas Aston ban ji shi ba, na tambayi Paulette, sai ta gaya min abin da kuka ɓoye min, cewa ya rasu tun bara. Na yi masa kukansa a nan, da waƙar tana tafiya, kuma ya samu rakiya.

Abin da ka yi a ƙarshe, da ka ɗauke komai ka bar su suna ta dawowa, na sa an mayar min da shi farko har Paulette ta gaji. Ba zan ƙara cewa gyaran rediyo kake ba.

Amma akwai abin da ba ka rubuta ba. Ka ce zama ya ishe ka, ka bar wa yarinyar maɓallai. Daga baiti na biyu akwai wata murya a bayan Ferdie, ta hagu kaɗan, tana shiga a makare, ba ta san inda za ta sa kanta ba. A layin "wanda ya kunna ta ya san sunana" ta karye gaba ɗaya, ta yi shiru, sannan ta dawo. Kunne ɗaya gare ni, Dane, amma ni na yi maka wankan farko. Kana da duk maɓallan duniya a gabanka, da ka so da ka cire ta, ba ka cire ba.

Muryarka ba daɗi, ɗana, ba ta taɓa yin daɗi ba. Amma ka amsa, kuma Vinette ta daɗe tana jira.

Ka bar sunana inda yake, ka sa nasu a ƙarƙashi, kowa da cikakken sunansa. Ka kira kamfanin yau.

Abu ɗaya kuma, ka ajiye shi a ranka. Ranar da tawa ta zo, ko a nan ta same ni ko a can, kada ku wahala neman mai ba da waƙa. Ku shimfiɗa ƙyallen, ku kunna fitilar, ka ɗora lasifikar nan a kan kujera, muryata ita kaɗai ba kiɗa. Ni zan ba da waƙata da kaina. Kai kuma ba a bayan Ferdie za ka ɓuya ba, a gaba za ka tsaya kusa da Puncie, inda zan ji ka.

Ba sauri nake ba, don haka kana da lokacin koyon shiga a kan kari. Gemun kuma ka bar shi, na saba.

Antinka,
Icy